Ina bakin sheƙa ya duba? Tambayoyi kan lissafin da ya dace

Ɗalibin da ya fita da kamfas, na'urar nuna shiyya, daga Marwa ko Garwa a arewacin Kamaru, ya auna sheƙunan tsuntsaye a kan aduwa da gawo a yankin Waza, yakan dawo da littafi cike da lambobi, sai ya tsaya cak: da wane lissafi zai yi aiki?

Me zai hana in tara lambobin in raba kamar yadda aka saba?

Kamfas da'ira ce, digiri 0 da digiri 360 wuri ɗaya ne. Sheƙa ɗaya ta dubi 350, ɗaya ta dubi 10, dukansu arewa suke kallo. Ka tara ka raba biyu, ka sami 180, wato kudu, inda ko ɗayarsu ba ta duba ba. Shi ya sa ake ɗaukar kowace sheƙa a matsayin kibiya mai tsawo ɗaya, a harhaɗa kiban. Abin da ya fito zai nuna maka shiyyar da suka karkata, da wata lamba da ake kira r, daga 0 zuwa 1. In ta kusa 1, sheƙunan sun haɗa kai. In ta kusa 0, ba su karkata gefe guda ba.

To, wane gwaji zan fara da shi?

Kafin kowane gwaji, zana da'ira ka ɗiga kowace sheƙa a inda ta duba. Idan ɗige-ɗigen sun taru wuri ɗaya, gwajin Rayleigh, lissafin da ke nuna ko sheƙunan sun karkata gefe guda da gaske ko dace ne kawai, ya wadatar. Amma yana da makanta. A ce rabin sheƙunan sun dubi arewa maso yamma, rabi kudu maso gabas: kiban za su kashe juna, gwajin ya ce babu komai, alhali tsari na nan a fili. A ƙasarmu dole a kula da wannan, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, ta damina daga kudu maso yamma, hadari kuma yawanci ta gabas yake haɗowa. In tarin biyu suna fuskantar juna, ninka kowace lamba sau biyu sannan ka yi Rayleigh. In tarin ya fi haka, koma ga gwajin Rao ko na Hermans da Rasson na 1985.

Idan ina zaton sheƙunan suna juya wa hadari baya fa?

Gwajin V ke nan, wanda ke duba ko sheƙunan sun karkata ga shiyyar da ka zata, da sharaɗin ka rubuta zatonka tun kafin ka auna.

Yaya zan gwada wuri da wuri, kamar Waza da bakin kogin Binuwai?

Watson-Williams, idan kowane rukuni ya taru sosai wuri guda. In ba haka ba, U² na Watson ya fi aminci. Waɗannan biyun suna cikin ƙunshin circular na manhajar lissafi ta R, kyauta.

Na auna sheƙa sittin a bishiya ɗaya. Sun isa?

Nan ne na fi so a tsaya a yi tunani. Tsuntsayen marai a taro suke saƙa sheƙa, kuma namiji ɗaya yakan saƙa sheƙa da yawa a daminar guda. Sheƙunan nan sittin inuwarsu ɗaya, iskarsu ɗaya, wataƙila ma duk sun bi reshen da ya rataya kan ruwa ne don gudun maciji. Ba shaidu sittin ba ne, labarin bishiya ɗaya suke bayarwa. Fitar da kibiya guda ga kowace bishiya, sannan ka gwada bishiyoyin da gwajin Moore ko na Hotelling. Gara bishiya ashirin da sheƙa biyar-biyar da bishiya biyu masu hamsin-hamsin.

Ka kuma san abin da kake aunawa. Bakin sheƙar marai ƙasa yake kallo, don haka abin rubutawa shi ne gefen bishiyar da aka rataye ta, ana aunawa daga gindi. Rubuta har da inda rassan suka fi yawa, domin in duk rassan yamma suka yi, tsuntsun bai zaɓi yamma ba, abin da ya samu ne.