Yadda zane mai motsi ya shiga koyon tiyata

Malaman tiyata na ta kai ruwa rana kan bidiyon zane mai motsi da ake koyar da ƙananan likitoci da shi. Wasu sun ce katun ba ya koya wa hannu riƙe wuƙa, wasu sun ce zamani riga ne. Mai saurare sai ya zaci annobar korona ce ta haifi abin a 2020, lokacin da aka dakatar da fiɗar da ba ta gaggawa ba. Alhali maganar ta girmi duk masu gardamar.

Tsohon tsari dai sananne ne, wanda ake dangantawa da William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka: ka ga an yi, ka yi, ka koya wa wani. Tun 1898 Eugène Doyen ya ɗauki fiɗarsa a fim a Faransa, a 1911 kuma Max Brödel ya kafa sashen zanen likitanci a Johns Hopkins. Duk waɗannan ƙari ne kawai, ainihin karatu a gefen gadon fiɗa yake.

Abin da ya juya lamarin, wanda ba a cika ambata ba, maɗaciya ce. A 1985 Erich Mühe ya cire maɗaciya a Jamus ba tare da tsaga ciki ba, Philippe Mouret ya biyo baya a Lyon a 1987, aka haɗa aikin da kyamara. Cikin 'yan shekaru majinyata suka riƙa neman a yi musu ta ƙananan huji. Daga nan likita ya daina leƙa cikin mutum, ya koma kallon allo. Hoton allo shimfiɗaɗɗe ne, ba ya nuna zurfi. Yatsa ba ya taɓa nama. Kayan aikin dogaye ne, in ka kai hannu dama, bakinsu ya yi hagu. Babbar matsalar ita ce manyan ma sun koma ɗalibai, da yawansu kwas na kwana biyu suka yi a kan aladu, to wa ƙarami zai kalla ya koya?

Sai raunin babban bututun da ke kai ruwan maɗaciya cikin hanji ya ƙaru fiye da na zamanin tsaga ciki. A 2003 Lawrence Way da abokan aikinsa a San Francisco suka bi diddigin irin wannan rauni guda 252, suka gano a kashi 97 cikin 100 ido ne ya yaudari likita. Yana kallon babban bututu, zuciyarsa na gaya masa ƙaramin bututun da ke fitowa daga maɗaciya ne da ya kamata a yanke. Ba rawar hannu ba ce.

A ganina nan zane ya sami ƙofa. Bidiyon fiɗa na gaske cike yake da jini da kitse da hayaƙi, sabon shiga ba ya bambance komai. Zane kuwa yana ɗage hanta, ya shafa wa jijiya ja, bututu kore, ya juya hoton ta baya, ya nuna yadda halittar wani ke saɓa wa ta littafi.

Rage awoyin aikin ƙananan likitoci, da aka fi yawan kawowa a matsayin dalili, daga baya ya zo: awa 80 a mako a Amurka a 2003, awa 48 a Birtaniya a 2009. Ya dai ƙara wa abin gudu ne.

Masu cewa katun ba ya horar da hannu sun yi gaskiya, sai dai ba don hannu aka yi shi ba. Hannu an ware masa akwatin atisaye, inda ake yanka da ɗinki ana kallon allo, kuma tun 2009 hukumar tiyata ta Amurka ba ta ba sabon likitan fiɗa shaidar ƙwarewa sai ya ci jarrabawar da ake yi a kan wannan akwati.