Ruwan sama ranar jana'iza, shaida ce ga mamaci?

Wai da gaske ne in aka yi ruwa ranar da aka binne mutum alamar ɗan Aljanna ne?

Haka dai muka taso muna ji a nan Kaduna, da hadari ya haɗo ko gari ya yi lumshi ana hanyar maƙabarta sai ka ji ana cewa ai kun gani, mutumin kirki ne. Ruwa rahama ne, ba musu, amma babu aya ko ingantaccen hadisi da ya mai da shi ma'aunin makomar mamaci. A watan Agusta da wuya a yi kwana biyu a garin nan ba a yi ruwa ba, to wanda ya rasu a watan Maris fa, shi laifin me ya yi?

Annabi (SAW) ya taɓa magana kan irin wannan?

Ƙwarai kuwa. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu a Madina, shekara ta 10 bayan Hijira, aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar yaron ne. Yana cikin jimamin ɗansa fa amma bai bar maganar ta wuce ba, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito.

To manyanmu na baya fa, ya aka yi da su?

Shehu Usman Ɗanfodiyo ranar 20 ga Afrilu 1817 ya rasu a Sakkwato, tsakiyar bazara, kowa ya san zafin Sakkwato a lokacin. Sardauna 15 ga Janairu 1966 aka kashe shi a Kaduna, cikin hunturu. Shehu Abubakar Gumi kuma 11 ga Satumba 1992 a Landan, aka kawo shi nan aka binne da damina. Kowa da lokacin da ajalinsa ya sauka.

Ai fatan alheri ne kawai, meye aibun ciki?

Aibun yana ɗaya ɓangaren, kuma wallahi shi ke ɗaga min hankali. In ruwa shaida ce to ranar da aka ƙwalla rana ko iska ta taso da ƙura sai a fara ƙusƙus, 'ya'yan mamaci suna zaman makoki maganar tana dawowa kunnensu, uwa ta kwana tana kuka kan abinda ba shi da tushe. Shaidar da hadisi ya tabbatar ta mutane ce, an wuce da gawa sahabbai suka yabe ta Annabi ya ce Aljanna ta wajaba gare shi, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Dan Allah in ka je gaisuwa faɗi alherin da ka sani game da shi, in ana binshi bashi a taimaka a biya, a yi masa addu'a.