Kiɗa a sansanonin 'yan Nazi ba alamar jin daɗi ba ne

An daɗe ana cewa tunda fursunoni sun yi kiɗa da waƙa a sansanonin 'yan Nazi na Jamus a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, to azabar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Wanda ya ga hoton mutane riƙe da goge, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka haka.

Kiɗan ya faru, gaskiya ne. Amma a sansanin Auschwitz, ƙasar Poland, masu gadi ne suka tilasta wa makaɗa tsayawa a bakin ƙofa safe da yamma, domin fursunoni su daidaita taku zuwa aikin dole. Da yamma wasu kan dawo ɗauke da gawar abokan aikinsu, kiɗa na tashi.

A sansanin Terezin, kusa da birnin Prague na ƙasar Czech, fursunoni Yahudawa sun tsara kiɗa nasu, har yara suka yi wasan waƙa sama da sau 50. Wannan ɓangaren ya fi taɓa min zuciya. A 1944 aka gyara wurin don a ruɗi baƙi masu bincike, aka ɗauki fim na farfaganda. A watan Oktoba aka kwashi yawancin makaɗan zuwa Auschwitz, da yawa aka kashe su da isarsu.

In kun ga irin hoton nan, ku bincika wa ya ɗauka, yaushe, kuma me ya sami mutanen ciki daga baya. Gidajen tarihin sansanonin sun adana shaidar waɗanda suka tsira.

Don Allah ku tura wa wasu wannan bayani.