Shirin Hanen

Shirin Hanen hanya ce ta taimakon ƙananan yara waɗanda bakinsu ya yi jinkirin buɗewa, ko suke shan wahala wajen fahimtar abin da aka faɗa musu. A wannan shiri iyaye ne ɗalibai. Ƙwararre kan gyaran magana yana tara su rukuni-rukuni, ya koya musu yadda za su mayar da wanka da cin abinci da sa tufafi da wasa su zama lokutan koyon harshe. Cibiyar Hanen ce take kula da shi, ƙungiyar agaji da ba ta neman riba, mai hedikwata a birnin Toronto na ƙasar Kanada, kuma tana horar da ƙwararru daga ƙasashe da dama.

Asali

Ayala Hanen Manolson, ƙwararriya kan gyaran magana a birnin Montreal, ita ta fara shirin a shekarar 1975. A wancan zamani abin da aka saba shi ne uwa ta kawo ɗanta asibiti, ƙwararre ya shiga da shi ɗaki na ɗan lokaci, ita kuwa ta zauna a waje tana jira. In an fito ta ɗauke shi su koma gida sai wani makon. Lissafin da ya sa aka sake tunani mai sauƙi ne. Yaro ɗan shekara 2 yana farke fiye da sa'a 70 a mako, ƙwararre kuwa da wuya ya samu fiye da sa'a 1 daga ciki. Sauran duka suna hannun mutanen gida, waɗanda ba a koya musu komai ba, wasu ma sun fara ganin kamar maganar ɗansu ba aikinsu ba ce, aikin asibiti ne.

Yaran da ake nufi

Yawancin yara suna fara gwaranci kafin su cika shekara, su furta kalmar farko wajen wata 12, su fara haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Masana sukan ce yaro ya makara in ya kai wata 24 kalmominsa ba su kai 50 ba, kuma bai fara haɗa biyu ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna kamo tsaransu da kansu, shi ya sa maganar da ake yawan ji a gidaje, "ƙyale shi, ai ubansa ma bai yi magana da wuri ba," takan yi daidai wani lokaci. Amma ba kullum ba. Binciken da aka yi a Amurka a 1997, da wanda aka yi a Ingila a 2016, duka sun nuna kusan kashi 7 cikin 100 na yaran da suke shiga makaranta suna da matsalar harshe mai ɗorewa wadda ba a san wata lalura da ta jawo ta ba. A shekara biyu da wuya a tantance wanda zai kamo da wanda ba zai kamo ba, saboda haka zaman jira kawai asarar lokaci ne mai tsada ga wasu yaran.

Kafin komai ana auna jin yaron. Ciwon kunne mai yawan dawowa, da sanƙarau, da ƙyanda, duk suna iya rage ji, kuma yaron da ba ya ji sosai babu dabarar hira da za ta wadatar da shi sai an duba kunnen. Tashi cikin harshe biyu ko uku kuwa ba ya jawo jinkirin magana, don haka ba a umartar iyaye su bar harshensu na gida.

Yadda ake gudanar da shi

Babban shirin cibiyar, mai suna It Takes Two to Talk, na iyayen yara ne 'yan shekara 5 zuwa ƙasa. Akan yi zaman rukuni 6 zuwa 8, sannan sau 3 ƙwararre ya ɗauki bidiyon uwa ko uba suna wasa da yaron, su zauna su kalla tare. Wannan kallon shi ne zuciyar aikin. Mutum ba ya jin kansa yayin da yake magana, sai ya gani a bidiyo yake gane cewa ya jero tambaya biyar bai bar wa yaron numfashi ɗaya na amsawa ba.

Darasin farko kalmomi uku ne: lura, jira, saurara. A Turanci baƙaƙen farkon kalmomin suna haɗuwa su ba da sunan mujiya, da haka iyaye suke tunawa. Jiran ne ya fi wuya. Ana ce wa uwa ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da ta yaron, ta yi shiru, ta ƙirga zuwa 10 a zuciyarta, tana kallonsa kallon mai sa ran amsa.

A ɗauki misalin yaro ɗan wata 26 yana tura motar roba a kan kujera. Uwar da hankalinta ya tashi saboda shirunsa takan ɗauke motar ta ɗaga sama: "Mene ne wannan? Ce mota. Mo-ta. Wace kala ce?" Yaron ya kau da kai, ko ya fashe da kuka don a ba shi abinsa. Bayan horo, uwar nan takan zauna a ƙasa kusa da shi ta bar shi ya ci gaba. Motar ta kai bakin kujera ta faɗo. Ya ɗago ya dube ta, ya ce "ta!" Sai ta amsa da murya mai armashi: "Ta faɗi! Mota ta faɗi." Ta mayar da ita sama, ta sake yin shiru. Ya sake turawa. A cikin minti biyar ya ji "faɗi" sau goma, kowane sau a daidai lokacin da idonsa yake kan abin da kalmar take nufi, kuma shi ne ya buɗe hirar. Abin da ake kira bin sawun yaro ke nan, wato a yi magana kan abin da ya riga ya ja hankalinsa.

Sauran dabarun daga nan suka tsiro. A rage tsawon jimla amma a bar ta daidai a nahawu, a jaddada muhimmiyar kalma, a sassauta, a nuna abin da hannu. In yaro ya ce "ruwa", a ce "ruwa ya zube", a ƙara masa taki ɗaya gaba da inda yake. In ya karya kalma ba a ce masa ya yi kuskure, maimaita ta ake yi daidai a wuce. Nuni da yatsa, da jan zane, da kallo, duk ana karɓarsu a matsayin magana, domin yaron da ya ga nuninsa yana samun amsa shi ne yake ƙoƙarin ƙarawa da sauti.

Akwai kuma shirin More Than Words, wanda Fern Sussman ta tsara don iyayen yara masu lalurar otizim, wato lalurar da take sa yaro shan wahala wajen mu'amala da sadarwa da mutane, da wani na malaman makarantun renon yara.

Abin da bincike ya nuna

A 1996 Luigi Girolametto na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa sun gwada hanyar kan uwaye 25 da 'ya'yansu masu ƙarancin kalmomi. Uwayen da aka horar sun koma magana a hankali da gajerun jimloli, 'ya'yansu kuma sun fi sauran samun sababbin kalmomi da haɗa su. A 2011 Megan Roberts da Ann Kaiser sun tattara bincike 18 kan hanyoyi daban-daban da iyaye suke aiwatarwa, suka ga suna da amfani a kan harshen yara. A shekarar dai, wani gwaji kan More Than Words bai samu wani bambanci ba in an haɗa yaran duka, sai ga waɗanda tun farko ba su cika damuwa da kayan wasa ba. Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa iyaye ita ce, hujjar ta fi ƙarfi ga yaran da furuci kawai ya yi wa jinkiri, kuma yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne. Horar da iyaye ba ya nufin su ne suka jawo matsalar, kuma ba ya maye gurbin ƙwararre ga yaron da lalurarsa ta yi tsanani.

Batun al'ada

An gina shirin ne kan irin renon da aka saba a Arewacin Amurka, inda uwa take zama ita da ɗanta su biyu suna wasa ido cikin ido. A 1994 Anne van Kleeck ta ja hankali cewa ba kowace al'umma take reno haka ba. Tun kafin nan Elinor Ochs a Samowa, da Bambi Schieffelin a cikin mutanen Kaluli na Papuwa Niyu Gini, sun bayyana al'ummomin da manya ba sa ɗaukar jariri abokin hira, amma yaransu suna koyon harshe lafiya lau.

Wannan suka tana da nauyi ga mai karatu Bahaushe. A gidajenmu jariri yana wuni a goye, fuskarsa ba ta fuskantar ta uwarsa, kuma inda ake riƙe da kunyar ɗan fari uwa ba ta sakin jiki da shi a gaban mutane. Wanda yake yi masa wasa da waƙa sau da yawa kaka ce, ko goggo, ko yayarsa 'yar shekara bakwai da take ɗauke da shi a kwankwaso. Ƙwararren da ya horar da uwa kaɗai a irin wannan gida ya bar waɗanda suka fi kowa hira da yaron a waje. Lura da jira da amsawa kuwa kaka za ta iya su a kan tabarma, yayar ma za ta iya in an nuna mata, da kwano da ludayi da kazar da take wucewa a tsakar gida.