Wa Zai Yi Magana da Likita Idan Majinyaci Ya Kasa?

A asibitocin Kano, daga na Malam Aminu Kano har na Murtala, akan nemi mai yankar kati ya ba da sunan makusancinsa, kuma da yawa suna ɗauka cewa magana ta ƙare a nan. A doka, wannan sunan na wanda za a nema ne idan wani abu ya taso, bai ba shi ikon yanke hukunci a kan jikin majinyaci ba. Shi ya sa idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi, aka miƙo takardar amincewa da tiyata, sai a ga uwargida da yayansa da babban ɗansa sun yi cirko-cirko a bakin ɗaki, kowa na ganin shi ya cancanci sa hannu, likita kuwa yana jira.

Tushen al'amarin shi ne, baligi mai hankali shi ke da ikon karɓar magani ko ƙin sa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001 a shari'ar Dakta Okonkwo, inda ta wanke likitan da ya mutunta rubutaccen umarnin wata majinyaciya da ta ƙi ƙarin jini saboda addininta, duk da cewa ta rasu. Haka kuma sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana bayyana sirrin rashin lafiyar mutum, sai dai a wasu halaye, ciki har da idan ya yarda a rubuce, ko kotu ta yi umarni, ko wakilinsa ya nema a lokacin da shi ba ya iya ba da izini. Saboda haka likitan da ya ƙi yi wa ɗan'uwa bayani ba lallai wulaƙanci yake yi ba.

Sai dai akwai giɓi. Ingila tana da doka ta 2005 da ta tsara wakilcin da ke ci gaba bayan gushewar hankali, Najeriya kuwa ba ta da irinta, kuma a ƙa'idar da kotunanmu suka gada, takardar wakilci ta yau da kullum tana faɗuwa da zarar mai ita ya rasa hankalinsa, wato daidai lokacin da ake buƙatarta. Wasiyya ma ba ta aiki sai bayan mutuwa. A ganina, wannan ne dalilin da ya sa bai kamata a tsaya ga naɗa wakili kawai ba: mutum ya rubuta abin da yake so da abin da ba ya so, domin takardar ta zama hujjar nufinsa a gaban likita ko alƙali.

Wannan ya fi muhimmanci ga mai larurar ƙwaƙwalwa da ke tashi ta lafa. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba wa yardar majinyaci muhimmanci. Wanda yake karɓar magani a asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Dawanau ya fi kowa sanin ƙwayar da ta taɓa sandarar masa da wuya, da alamun da ke nuna ciwon na dawowa, kamar ƙauracewar barci ko kashe kuɗi ba lissafi. Idan ya samu sauƙi, sai ya rubuta waɗannan duka, da asibitin da ya fi so a kwantar da shi, da wanda za a gaya wa sirrinsa, har da wanda ba ya so a gaya wa.

A naɗa wakili ɗaya da mataimakinsa, bayan an nemi yardarsu. A sa kwanan wata da hannun shaidu biyu, kuma ya fi kyau lauya ya duba, a yi rantsuwa a Babbar Kotun Jiha. Ga mai larurar ƙwaƙwalwa, yana da amfani likitansa ya shaida a rubuce cewa yana cikin hayyacinsa a ranar, don toshe bakin masu jayayya daga baya. Daga nan a ba wakili kwafi, a nemi asibiti ya sa wani a cikin fayil, kuma a sabunta takardar idan an yi aure, ko saki, ko wakilin ya rasu.