Toshe bakin bairos a cikin tumatir: tambayoyi da amsoshi

Wace cuta ake neman magancewa?

Masu garkar tumatir a jihar Tahoua sun san shukar da ganyenta ke nannaɗewa ya yi rawaya, ta tsumbure, furenta ya zube kafin ya ƙulla ɗa. Bairos ne ke jawo haka, farin ƙuda kuma shi ke ɗaukarsa daga shuka zuwa shuka. Feshi yana rage ƙudan, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu.

Yaya ake toshe bakin bairos?

Bairos ba ya hayayyafa sai ya aika saƙonsa, wato RNA, cikin ƙwayoyin shuka domin su ƙera masa furotin. Ita kuwa shuka tana da garkuwarta tun asali: idan ta ga RNA mai zare biyu, wanda alama ce ta shigowar bairos, sai ta daddatsa shi gunduwa-gunduwa, sannan ta riƙe gutsuren a matsayin shaida, duk saƙon da ya yi kama da su ta lalata shi. Abin da masana ke yi shi ne su dasa ɗan yankin ƙwayar gadon bairos ɗin, wato abin da ke ɗauke da halayen da ake gada, cikin tumatir, ta yadda shukar za ta tanadi gutsuren tun kafin cuta ta iso. Masana kimiyya biyu, Andrew Fire da Craig Mello, ne suka fayyace yadda RNA mai zare biyu ke sa a lalata saƙo a 1998, kuma aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 2006.

An taɓa gani a gona?

An gani. Gwandar Hawayi, a Amurka, ta tsira daga wani bairos da irin wannan kariya daga 1998, Brazil kuma ta amince a 2011 da wani wake mai jure bairos ɗin da farin ƙuda ke yaɗawa, dangin na tumatir.

Ina cikas ɗin yake?

Kariyar ba ta aiki sai gutsuren sun dace da bairos ɗin da ya shigo, saboda haka irin da aka tsara don wata ƙasa yana iya gazawa a Adar, wato yankin Tahoua. Shi ma bairos yana da furotin mai suna V2 da ke raunana garkuwar. A ganina, tantance nau'o'in bairos ɗin da ke garakenmu ya kamata ya riga sayen kowace fasaha.

Me manomi zai yi yanzu?

Ya nemi iri mai ɗauke da Ty-1, ƙwayar gadon da aka samo daga tumatirin daji ta hanyar barbara, wadda ke ƙarfafa wannan garkuwa. Ya rufe renon da gidan sauro mai ƙananan ido, ya kuma tuge shukar da ta kamu da wuri.