Ka cike fom ɗin ƙungiyar 'yan harkar tafiye-tafiye: ina bayananka suke zuwa?

A Legas, duk wanda ya buɗe ofishin yankar tikiti ko na kai mutane Umara, ko a Ikeja yake kusa da filin jirgi, ko a Agege, ko Idi-Araba, ba ya daɗewa sai an ce masa ya shiga ƙungiya. Akwai NANTA ta masu kamfanonin tafiye-tafiye, akwai AHUON ta masu jigilar Hajji da Umara, akwai FTAN da ta tara ƙungiyoyin yawon buɗe ido a inuwa ɗaya. Akwai kuma na ƙasa da ƙasa irin Skål, wadda aka kafa a Faris a 1934, hedikwatarta tana Torremolinos a ƙasar Sifaniya. Kowacce da fom ake shigarta, ga kuma tambayoyin da ke biyo bayan cike fom ɗin.

Me da me ƙungiya take karɓa a hannun mamba?

Kashi biyu ne. Na farko shi ne abin da ke kan katin da kake raba wa mutane: sunanka, sunan kamfani, muƙaminka, lambar ofis da imel. Na biyu shi ne kayan tantancewa: kwafin takardar rajistar kamfani ta hukumar CAC, katin shaida ko shafin fasfo, ranar haihuwa, adireshin gida, rasit ɗin kuɗin shekara wanda sau da yawa lambar asusunka tana jikinsa, wani lokaci har sunayen mambobin da suka tsaya maka.

Kashin farko don a yaɗa shi aka karɓa. Na biyu don sakatare da ma'aji su tabbatar kai ɗan sana'a ne na gaske, daga nan ya kamata ya koma cikin durowa mai makulli ko kwamfuta mai lambar sirri. Yawancin ɓarnar da ake yi tana faruwa ne idan aka zuba kashin biyu a takarda ɗaya.

To ai don a san ni na shiga. Mene ne abin ɓoyewa?

Gaskiya ne, Alhaji, kuma ƙungiyar da ta ɓoye lambarka ga sauran mambobi ta ci kuɗinka a banza. Kana so mai otal a Victoria Island ya neme ka, kana so wanda ke da ragowar kujerun Jidda ya tuna da kai. Amma yardar da ka bayar tana da iyaka. Ka yarda abokin sana'a ya san ofishinka. Ba ka yarda ya san unguwar da iyalinka suke kwana ba, balle ɗan damfarar da aka tura wa jerin sunayen a hannu na uku. A harkar da ake tura miliyoyi ta waya kan amana, sanin sunanka da kamfaninka da hotonka da waɗanda kuke hulɗa ya ishi mutum ya yi shigar burtu da kai.

Akwai dokar da ta hau kan ƙungiya, ko sai bankuna da kamfanonin waya?

Ta hau kanta. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Dokar ba ta tambayar ko riba kake nema ko zumunci. Duk wanda ya yanke shawarar me za a tara da abin da za a yi da shi, nauyin yana wuyansa.

Abin da take nema a taƙaice: a faɗa maka dalilin karɓar kowane bayani, a karɓi daidai buƙata, kada a juya shi zuwa wata manufa daban, a tsare shi, kada kuma a riƙe shi fiye da lokacin amfaninsa. Ta kuma ware wasu bayanai da ta ɗauka masu nauyi, irin addini, ƙabila, lafiya da zanen yatsa. Wannan ya shafe mu fiye da yadda ake zato. Fom ɗin liyafar shekara da ke tambayar ko abincin halal kake so, da na tafiyar ƙungiya da ke neman katin rigakafin cutar shawara ko tambayar ciwon da kake fama da shi, duk sun taɓo wannan rukuni.

Zauren WhatsApp na ƙungiya fa?

A ganina nan ne ainihin ƙofar da bayanai ke fita, ba wajen masu kutse daga ƙasashen waje ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: duk wanda ke zauren yana ganin lambar kowa, kuma abin da aka saka ya sauka a wayoyin da ƙungiya ba ta da iko da su.

Dubi yadda abin yake faruwa. Ƙarshen shekara ya zo, ma'aji yana so ya zaburar da masu bashi, sai ya ɗauko takardar Excel ɗin da yake aiki da ita ya jefa a zaure. Niyyarsa a ga wanda ya biya da wanda bai biya ba, amma a gefen kowane suna ga ranar haihuwa, ga adireshin gida. Ko ya goge bayan minti biyar, wasu sun riga sun sauke. Bayan kwanaki sai wani ya kira ka da ladabi, ya ambaci sunan ƙungiya da na shugabanta, ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka yanzu don a sa ka a ciki. Lambobin nan makullin WhatsApp ɗinka ne. Kana faɗa ya ƙwace shi, ya shiga rubuta wa abokan cinikinka cewa asusun kamfani ya sami matsala, a tura ta wannan. Babu taron da ke buƙatar waɗannan lambobi, kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da kai kaɗai ka sani, yana toshe wannan hanya.

Akwai wani laifin da namu ne mu mambobi: ɗora shafin fasfon maniyyaci a zaure ana cigiyar wanda zai fitar da biza da wuri. Hajiyar da ta ba ka fasfonta kai ta ba wa, ba ta san zauren ba. A nan ba ƙungiya doka za ta tuhuma ba, kamfaninka ne.

Kamfanin jirgi ko otal ya ɗauki nauyin taro. Ƙungiya za ta iya ba shi jerin sunayenmu?

Sai da yardarku, kuma yarda ta fili. Dokar ta ce shiru ko ƙin yin komai ba yarda ba ne, don haka jumlar nan ta “wanda bai ce a'a ba mun ɗauka ya amince” ba ta da ƙafa. Kana da damar janye yardarka, kuma idan ka ce a daina turo maka talla dole a daina. Hanya mai tsabta ita ce ƙungiya ta isar da saƙon mai ɗaukar nauyin da kanta, jerin ya zauna a hannunta. A wuraren baje koli irin Akwaaba da ake yi a nan Legas, katin da ka jefa a kwanon wani rumfa kai ka bayar da hannunka, ba ruwan ƙungiya.

Idan uwar ƙungiyar tana Turai, bayanaina sun bar ƙasa ke nan?

Sau da yawa haka ne, domin kundin mambobi na duniya a can ake ajiye shi. Dokarmu ta yarda a fitar da bayanai idan inda za su je akwai isasshiyar kariya, ko kuma mai bayanan ya amince. Sifaniya, inda hedikwatar Skål take, tana cikin Tarayyar Turai, inda dokar kare bayanai ta GDPR ke aiki tun 25 ga Mayun 2018, kuma tana da tsauri. Abin da za ka duba shi ne shafinka a kundin: me mamban da ke wata ƙasa yake gani idan ya nemo sunanka, kuma za ka iya rufe lambar gidanka ka bar ta ofis?

Na bar ƙungiya. Za su goge ni?

Kana da haƙƙin ka nemi kwafin abin da suke riƙe da shi a kanka, a gyara kuskure, a kuma goge abin da amfaninsa ya ƙare. Rasit da lissafin kuɗi za su iya riƙewa saboda binciken asusu. Kwafin fasfonka kuwa babu hujjar ya ci gaba da zama a wayar tsohon sakatare. Ka rubuta buƙatarka a takarda ko imel mai kwanan wata, kada ka tsaya ga faɗa da baki bayan taro.

Idan bayanan suka fita, me ya wajaba a kansu, ni kuma ina zan kai ƙara?

Idan fitar za ta iya cutar da mutane, ƙungiya tana da awa 72 daga lokacin da ta sani ta sanar da NDPC. Idan haɗarin babba ne, dole ta sanar da mambobin da abin ya shafa nan take, ta faɗa musu matakin da za su ɗauka. Kai kuma za ka iya kai koke ga hukumar, ko ka nemi diyya a kotu. Tarar da dokar ta tanada tana kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai. Ga sauran kuwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Kafin ka kai koken, ka ɗauki hoton saƙon da aka saka da ranarsa da sunan zauren, domin mai kula da zaure yana iya goge shi ga kowa.